Shekarar da Safiya Ta Raba Kwamfutar Alhaji Gida Biyu

Na ji yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. 'Ya'yan Magaji suna cewa gwaggonsu Safiya ta kusa share kakansu daga duniya da ɗan filash. 'Ya'yan Safiya kuma suna cewa kawunsu ne ya so ya tare wa uwarsu hanyar arziki. A taron sunan da aka yi kwanan baya a gidan nan har na ji wani cikinku yana rantsuwa wai ni ce na danna maɓallin da hannuna, ni da ko tashar rediyo ba na iya kamowa sai an taimake ni! To tunda Allah ya bar ni da rai da sauran hankali, bari in faɗa muku yadda aka yi, don a kan tabarmata aka yi komai, kuma idona biyu.

Kakanku Alhaji, Allah ya jiƙansa, mai masauki ne. Fataken da ke kawo albasa da barkono daga arewa zuwa Kasuwar Ose Okwodu ta nan Anaca a gidanmu suke sauka, shi yake nema musu masu saye, shi yake musu tafinta da Inyamuranci, shi yake raba su faɗa da 'yan dako. Ni 'yar Inugu ce, a bayan kasuwar Ogbete aka haife ni, kuma na taso ina ganin masu masauki iri-iri, amma da aka kawo ni Anaca na tarar da mutumin da ban taɓa ganin irinsa ba. Yana da doka guda wadda bai taɓa karyawa ba: ba a korar na ciki don a saukar da na waje. Idan ɗakuna sun cika kuma ga baƙo tsaye a ƙofa da jakarsa, ba ya ce masa ya nemi wani wuri, ba ya kuma ce wa wani ya tattara. Sai ya shiga wajen wanda ke cikin ɗakin, ya zauna, su gaisa, ya nemi izininsa, ya tambaye shi iya wurin da shi da kayansa suke bukata, ya ƙara masa wurin miƙe ƙafa a kai, sannan ya kira kafinta a ja katako a raba ɗakin. Ƙofar asali kuwa ta na farko ce har abada, baƙo ake huda wa sabuwa ta gefe. Falon nan da kuke raina wa girma, da can ya kai biyunsa. Na yi mita har na gaji, shi kuwa dariya kawai yake yi ya ce baƙonka annabinka.

Da girma ya kama shi sai ya sayo wata kwamfuta ta hannu a babbar kasuwa, irin kayan da mutanen nan ke kira beljiyam. Ba don lissafi ya saye ta ba, lissafinsa a kansa yake. Hotuna yake tarawa. Duk bafataken da ya sauka a gidan nan sai ya ɗauke shi hoto ya adana, haka bidiyon suna da na biki da na Sallah. Sannan ya tsiri ɗaukar muryarsa bayan asuba, don yana son ya ƙarasa haddar da ya fara tun yana saurayi, sai ya karanta ya saurara ya kama kuskurensa da kansa. To Alhaji mutum ne mai mantuwa da ƙananan abubuwa. Yakan gama karatu ya manta bai kashe ba, na'urar ta yi ta ɗauka, har da tarinsa, da ƙarar buta, da kiran da yake mini ta taga yana tambayar ko kunun nan sai an aika Kano za a kawo shi. A fuskar kwamfutar kuwa ya sa hotonsa zaune a kan buhunan albasa a Ose, hula a karkace, yana dariya har ana ganin wushiryarsa.

A farkon damina ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba. Da masu gaisuwa suka watse gida ya yi shiru, Safiya ce ta nuna mini inda zan danna kwamfutar ta kunnu, da inda zan taɓa muryarsa ta fito. Daga nan na samu abin da ya riƙe ni. Kullum daga hantsi zuwa azahar ina ɗaki, kwamfutar a kan ƙaramin tebur, shi yana karatu ni ina jan carbi, in ya kira ni kan kunu har sai in ji na amsa. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki, da an ɗauke wuta ta mutu ɗif, sai in zauna in jira. Ba zan ɓoye muku ba, a watannin nan ban da salla babu abin da nake ɗokinsa kamar wannan zaman.

Safiya ita ce autata. A nan Anaca aka haife ta, Inyamuranci a bakinta kamar ba Bahaushiya ba, kuma ta yi karatun kwamfuta ta gama ta zauna a gida babu aiki. Yarinya ce marar hayaniya, in tana tunani takan ciji gefen mayafinta, yadda ubanta yake cizon bakin alƙalami. Wata rana bayan la'asar ta shigo ta durƙusa a bakin tabarma, ta daɗe tana cizon mayafin nan kafin ta yi magana.

"Umma, an ɗauke ni a wani horo. Ta intanet ake yi, kuma waɗanda suka ci ana nema musu aiki."

"Alhamdu lillahi. To me ya sa fuskarki kamar an aiko miki da sammaci?"

"Sai da kwamfuta. Kuma ba da irin manhajar da ke cikin ta Baba suke koyarwa ba."

Ta yi mini bayani a hankali yadda zan gane. Ta ce kowace kwamfuta tana da babbar manhaja guda wadda ke tafiyar da komai a cikinta, ita ce ke buɗe hoto, ita ce ke fitar da murya. Ta Alhaji iri ɗaya ce, wadda ake koyarwa da ita wata iri ce daban, kyauta ake samunta, ana zuba ta a filash a shigar da ita. Wanda bai shigar ba kafin a fara darasi, sai a ba wani gurbinsa. Sabuwar kwamfuta kuwa hannunmu bai kai ba a lokacin, ga gado ba a raba ba.

"Wato a cire ta ubanki a sa taki," na ce.

"A'a, Umma. Abeg ki saurare ni. Ba sai an cire ba. Ana iya raba cikinta gida biyu, Baba yana gefensa yadda ya bar shi, ni ina nawa gefen. In an kunna sai ta tambaya wanne za a shiga."

"Kamar falo?"

"Kamar falo."

Na tambaye ta ko akwai haɗari. Da wata yarinyar ce, da sai ta ce babu don ta samu abin da take so. Ita kuwa ta dube ni ta ce akwai. Ta ce in aka zaɓi abin da ba shi ba, ko wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake jan bangon, komai na iya tafiya, hotuna da bidiyo da yadda ya jera kayansa. Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani.

Ban gama tunanin ba maganar ta kai kunnen yayanta. Kun san shi ne ɗan farina, kuma ni irin matan da ne, ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, Magajin ma da nake rubutawa a nan a takarda ne kawai, a baki sai dai in ce "kai" ko "wancan". Shi ya gaji harkar ubansa, yana zaune da iyalinsa a unguwar Head Bridge, kullum da safe yakan biyo ya zauna mu gaisa kafin ya wuce kasuwa. Kada ku ɗauke shi mugu a labarin nan. Shi ya wanke ubansa, shi ya sa shi a kabari, kuma tun ranar bai yarda ya kalli fuskar kwamfutar nan ba, ko muryar ya jiyo daga zaure sai ya koma waje. Ya je ya tambayi wani abokinsa mai gyaran waya, shi kuma ya ce masa duk wanda zai sa sabuwar manhaja sai ya wanke kwamfuta tas. Ya shigo ransa a ɓace.

"Umma, kin san abin da yarinyar nan take shirin yi? She wan format Baba! Wanke shi za ta yi gaba ɗaya."

"Yaya, ba wankewa zan yi ba," in ji Safiya. "I no go touch Baba side. Rabawa zan yi."

"In kika yi kuskure fa? A ina za ki sayo mana wani uban? A Main Market?"

Safiya ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya juyo wajena ya kawo hujjar da ya san tana da ƙarfi. Ya ce kwamfutar nan kayan gado ce, ba a raba ba, kowa yana da haƙƙi a ciki, kuma shi bai yarda a taɓa ta ba. Gaskiya ya faɗa. Na dubi ɗana, idanunsa sun yi ja, na san ba ƙeta ce ke cinsa ba, tsoro ne. Na dubi 'yata, wadda ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba. Sai na tuna Alhaji tsaye a tsakar falo da igiyar awo a hannu, ni ina mita, baƙo yana jira a ƙofa. Mutumin da ya yanke falonsa saboda wanda bai taɓa gani ba, ina zai hana 'yarsa kusurwa a cikin na'ura?

"To a sa ta cikin tumunina," na ce. "Ranar rabo a lissafa ta a kasona. Daga yau tawa ce, kuma na ba ta izini."

Ya miƙe ya sa takalmansa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Daga ranar bai daina zuwa gaishe ni ba, ɗana ba marar tarbiyya ba ne, amma gaisuwar ta koma ta tsaye. Sai ya tsaya a bakin labule ya ce ina kwana, ya tambayi lafiya, ya wuce. Cefane kuma ya koma aikowa da ɗan okada, mai babur ɗin haya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma kunyar ɗan fari ta hana ni in kira shi in rarrashe shi yadda zan yi wa sauran.

Yanzu ku saurari yadda gwaggonku ta yi aikinta, don wannan ne dalilin rubutun nan. Na ɗauka washegari za ta rarumi kwamfuta ta fara. Ina! Kwanaki ta yi tana shiri, tana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ta je shagon ƙawarta Chinelo ta sauko da manhajar ta zuba a filash. Ta sayo filash na biyu ta kwashe muryoyin ubanta duka a ciki, ta saurari farkon kowanne don ta tabbatar ya kwafu, sannan ta kawo ta sa mini a tafin hannu.

"Umma, wannan ki riƙe a wajenki. Ko me ya faru, muryar tana nan. Hotuna da bidiyo ne suka fi ƙarfinsa, su ba ni da inda zan zuba."

Na ƙulle shi a bakin zanena. Bayan nan ta soka ɗayan filash ɗin, ta kunna kwamfutar tana ta danna wani maɓalli a layin sama, sai ga wata fuska daban ta fito, babu Alhaji babu buhunan albasa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an gama da ni. Ta yi murmushi ta kashe, ta zare filash, ta sake kunnawa, sai ga shi da hularsa a karkace. Ta ce baƙon, wato sabuwar manhajar, leƙowa kawai ya yi, bai sauke kaya ba, ta gwada ne ta ga ko gidan zai karɓe shi. Daga nan ta duba iya wurin da kayan ubanta suka ci, ta nuna mini a zane, ta ce a nan za ta ja bango, amma sai na ga ta bar masa fili mai yawa bayan kayan nasa.

"Ke da kike neman wuri, me ya sa kika bar masa wannan duka? Ai ba zai ƙara ajiye komai ba."

"Wurin miƙe ƙafa ne, Umma," ta ce.

Na juya fuskata bango don kada ta ga idona. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar Asabar da hantsi ta zaɓa. Akwai wuta a ranar, amma ta ce ba ta yarda da ita ba, da janareta za ta yi. Malam Ɗanjuma, wani dattijon bafatake daga Aliero wanda ya fi kowa daɗewa yana sauka a gidanmu, shi ya cika ɗan janaretan da mai ya tayar da shi a tsakar gida, ya yi mini sallama ta bayan labule ya ce janaretan zai yi ta aiki har la'asar ba zai tsaya ba. Safiya ta yi alwala, ta zauna a gefena, ta soka filash. Ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, harshe, da gari, da suna, har aka iso wajen da ta tsaya. Layi biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Ta janye hannuwanta daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya, ta karanta su da ƙarfi, ta fassara mini. Ɗaya yana cewa a share duk abin da ke ciki a zauna. Ɗayan yana cewa a zauna a gefen wanda aka tarar. Ta sake karantawa. Ta zaɓa, ta sa yatsa a fuskar na'urar ta tabbatar alamar tana kan layin da take nufi, ta ja bangon zuwa inda ta auna. Sai wani rubutu ya fito, ta ce yana gargaɗi ne cewa daga nan babu komawa.

"Umma, har yanzu kina iya cewa a bari."

"Yi bisimilla," na ce.

Ta yi, ta danna. Wani ɗan layi ya fara tafiya a hankali kamar ba ya so. Ta ce yanzu ake jan bangon, yanzu ne ba a son ko ƙiftawar wuta. Ba ta rufe baki ba na ji iska ta bugi taga. Kun san ruwan Anaca, ba ya sallama. Kafin in ce wani abu ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ga janareta a fili tsakar gida babu rumfa. Safiya ta miƙe zumbur ta yi waje ba ko takalmi, ni kuma na ja jiki zuwa taga ina salati. Abin da na gani ba zan manta ba har in mutu. Malam Ɗanjuma ya riga ta. Ya yaye tamfol ɗin da ya rufe buhunan albasarsa, shi da abokan fataucinsa kowa ya kama kusurwa, suka ɗaga shi sama da kawunansu a kan janaretan don hayaƙi ya samu hanya. Ruwa yana dukan bayansu, yana kuma dukan albasar da ya taho da ita tun daga Aliero. Duk wanda ya san albasa ya san ita da ruwa ba sa ga maciji.

"Malam, kayanka!" Safiya ta ɗaga murya. "Albasarka za ta jiƙe!"

"Koma ciki, 'yata, ki kula da aikinki," ya ce. "Shekarar da na fara zuwa garin nan ban san kowa ba, saboda ni ubanki ya yanke falonsa."

Haka suka tsaya har ruwan ya tsagaita, janaretan bai ko yi tari ba. Daga baya sai da ya baza albasar nan a zaure ya yi ta juyawa, wasu buhunan ma ba su tsira ba, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba. In kun ga jikokinsa sun sauka a gidan nan, ku san irin shimfiɗar da za ku yi musu.

Da layin ya kai ƙarshe, Safiya ta zare filash ta sake kunnawa, tana ɗigar ruwa a kan tabarmata. Fuska baƙa ta fito da 'yan layukan rubutu. Ta zaɓi na ubanta. Maimakon hotonsa sai wasu lambobi suka fara juyawa, suka yi ta juyawa. Ta ce kada in tsorata, gefen Baba ne ya ga ɗakinsa ya canza yake duba bangonsa, amma na ga ta kai gefen mayafi baki. Na kama ƙullin da ke bakin zanena na riƙe. Can sai haske ya canza, ga buhunan albasa, ga hula a karkace, ga wushirya. Ta buɗe hotuna, suna nan. Ta buɗe bidiyon sunan babbar jikata, ga shi yana rabon goro. Sai a lokacin ta kifa kanta a cinyata ta fashe da kuka, na gane ashe duk kwanakin nan tsoronta ya fi nawa, ɓoyewa kawai take yi. Da ta share ido ta shiga nata gefen ta ɗan jima tana rubuce-rubuce, sannan ta ce da ni daga yau in kunna kawai, kada in taɓa komai. Ban tambaye ta dalili ba.

Akwai abin da ban lissafa ba sai da aka fara darasi. Ba a shiga ɗaki biyu a lokaci guda. In Safiya tana gefenta, gefen Alhaji a rufe yake, kuma darasin nata daga hantsi ne zuwa azahar, daidai lokacin da na saba zama da shi. Da yamma kuwa sau da yawa babu wuta. Haka na ƙarasa takabata, ina zaune da carbi ina jin ƙarar yatsunta, ga muryarsa ƙulle a zanena babu abin da zan saurare ta da shi. Ta lura, ta ce za ta nemi a canza mata lokaci, na ce in ta kuskura sai na saɓa mata. Na yi kewarsa sosai a watannin nan, ga ɗana yana gaishe ni a tsaye. Amma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Ta ci jarrabawarta, aka kira ta aiki Fatakwal, can aka ba ta sabuwar kwamfuta, ta bar mini tsohuwar. Wato na ba da safiyoyina ne don a ɗauke mini auta, haka abin yake, kuma da hannuna na shafa mata addu'a ta tafi. Ba a daɗe ba matar Magaji ta haihu, namiji. Ya zo da safe ya tsaya a bakin labule kamar kullum ya faɗa mini, ya ce sunan Alhaji zai sa masa. Na yi barka, sannan na ce idona yau ba ya gani sosai, ya shigo ya kunna mini abin can. Idona lafiyarsa lau. Ba ya iya ƙin aikena, ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa gaban tebur ya danna. Baƙar fuskar nan ta fito da layukanta.

"Kin gani ko, Umma?" ya ce. "Ina Baban yake a nan?"

Ya ɗaga hannu bai san inda zai sa ba.

"Kada ka taɓa komai," na ce.

Ya bar hannun a sama. Ɗan jim kaɗan, ba wanda ya taɓa ta, fuskar ta juya da kanta, sai ga ubansa a kan buhunan albasa yana masa dariya. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya wa ya zaɓa, na ce ba kowa. Haka ƙanwarsa ta saita ta tun ranar farko: in ba a ce komai ba, wajen mai gida take zuwa. Ita Safiya, duk safiyar da za ta shiga nata gefen, sai ta nemi layinta ta zaɓa da hannu. Ta bar wa ubanta ƙofar asali, ta huda wa kanta ta gefe.

Na miƙa hannu na taɓa wata murya. Na san wadda na zaɓa, na saurare su duka har na haddace. Aka ji ƙarshen karatu, aka ji tari, aka ji ƙarar buta, sannan Alhaji ya ɗaga murya ta taga yana cewa, "Magaji ya biyo kuwa? A ajiye masa kununsa, yaron nan ba ya karyawa yake shiga kasuwa." Abin da kunya ta hana ni faɗa wa ɗana a watannin nan, na bar ubansa ya faɗa. Ya zame daga durƙuso ya zauna sosai a kan tabarma, ya rufe fuska da hularsa. Ranar bai je kasuwa ba sai bayan azahar, kuma kafin ya fita na ji shi a zaure yana waya, yana cewa, "Auta, kina jina? Sai ki zo suna fa."

Kwamfutar tana nan cikin akwatina, a naɗe da tsohon rawanin kakanku. Tunda a tumunina take, ranar da na bi shi za ta sake zama kayan gado, kuma ban san hannun wa za ta faɗa ba. Wanda duk ta zama rabonsa, ya jona ta da wuta, ya danna, ya ɗora hannuwansa a cinya ya jira. Ta san inda za ta kai shi.